Ƙarfen da Inna Ta Wanke

Kai da ka ce, "Tonton, c'est facile, abu ne mai sauƙi kawu, hoto kawai za a ɗauka, waya ta faɗi shekarun ƙarfe," matso kusa, don kai na fi son ka ji. Na yarda waya ta san abubuwa. Amma ranar da na zauna a wani falo a Lyon, tsohuwa tana tsaye a kaina tana jiran yabo, ɗanta yana gefe yana jiran gaskiya, kuma na san gaskiyar za ta iya zubar mata da mutunci a gidan ɗanta, ba wayar da za ta fisshe ni. Duk daɗewata a wannan sana'a, ba aikin da ya sa ni gumi kamar shi.

Ga wanda bai sani ba, tsuba wani faifan ƙarfe ne da mutanen Japan na dauri suke sawa tsakanin mariƙin takobi da ruwansa, don kada hannu ya zame kan kaifi. Faɗinsa bai kai tafin hannu ba. Akwai rami a tsakiya inda takobi ke ratsawa, sauran jikin kuwa maƙeri ya huda shi ya fitar da zanen tsuntsu, ko ganye, ko igiyar ruwa. Aikina shi ne a miƙo mini ɗaya in faɗi ko na gaske ne ko jabu, kuma wane zamani aka ƙera shi. Na san abin da kuke cewa a ranku: Badamagare da kayan Japan, me ya haɗa kifi da kaska? Ƙarfe ya haɗa. Ubana maƙeri ne a Zinder, karatun ƙarafa kuma shi ya kawo ni Paris.

Aikina na farko tsuba ce mai jar tsatsa a gefe ɗaya. Wanda ya ba ni ita wani tsohon Bafaranshe ne mai butik ɗin kayan tarihi, muna ce masa Mai Lup, saboda madubin ƙara girma da yake rataye a wuyansa ko masai zai shiga. Na je wurinsa neman aikin ƙarshen sati, na buga ƙirji na ce ni ɗan maƙeri ne, cikin garwashi aka haife ni. Ya ce madalla, ya ajiye mini tsubar da guntun ƙahon barewa da tsumman auduga. Na duba hagu, na duba dama, na ce, "Mushe, ina magagari? Kafin la'asar za ka ga fuskarka a ciki." Wallahi sai da tsohon nan ya dafa tebur. Ya ƙwace ƙarfensa ya rungume, ya ce in zauna, kuma in sa hannuwana a ƙarƙashin cinyata.

Ranar ya koya mini cewa tsatsa iri biyu ce. Akwai ja, mai rai, mai cin ƙarfe. Ita ake kankarewa da ƙaho a hankali, don ƙaho ya fi tsatsa ƙarfi amma bai kai ƙarfe ba. Akwai kuma baƙa mai santsi, wadda ta ɗauki ɗaruruwan shekaru tana kwanciya, ni ina ce mata fatar ƙarfe. Ita ce shaidar tsufa, ita ce darajar abin. Ka cire ta, ka mayar da tsuba murfin tukunya. Wannan magana ta daɗe ba ta shiga kaina ba, domin mu mutane ne masu son ƙyalli. A gidanmu in kwano bai ɗauki ido ba, ba a gama wanke shi ba. Na yi wata da watanni ina goga da tsumma kawai, Mai Lup yana leƙo ni ta saman tabarau kamar ya ba kura ajiyar nama.

Akwai wani likitan haƙori da ya taɓa kawo mana tsuba cikin akwatin karan-miski, da sa hannun wani shahararren maƙeri a jiki, da labari mai daɗi a baki: wai wani basarake ne ya ba kakansa a Japan. Ku sani, kowane Bature da ya shigo butik kakansa abokin basarake ne. Ban taɓa jin wanda ya ce kakansa a kasuwar gwanjo ya saya ba. Mai Lup ya tura mini ita ya koma gefe. Na rataye ta da zare na ƙwanƙwasa da farce. Ƙarfen da aka ƙera da guduma yana amsawa da ƙara mai tsawo. Wannan sai ta ce "ƙwas" ta yi shiru. Na karkata fitila na leƙa cikin hudojin, ga siririn layi nan ya zagaye, inda bakin mazubi biyu suka haɗu. Narka ta aka yi aka zuba. Na kai ta hanci, sai ƙamshin man takalmi. Sa hannun ma ban duba ba, don shi ne abu na ƙarshe da ake dubawa. Maƙaryaci da sa hannu yake farawa.

Likita ya roƙe ni in ce masa ko da "wataƙila." Mai Lup ya amsa masa daga inda yake zaune, amma da ni yake. Ya ce a wannan sana'a ba mu da hatimi, ba mu da kaki, bakinmu kawai muke da shi. Ranar da ka kira jabu na gaske don ka faranta wa mutum, ko ka kira na gaske jabu don ka huta, ranar ka rufe butik. Na riƙe wannan har bayan rasuwarsa, lokacin da teburinsa da lup ɗinsa suka dawo hannuna.

Sai shekarar annoba ta zo, aka kulle gari. Ba gwanjo, ba baƙi, ba mai miƙo maka ƙarfe ka ji nauyinsa. Mutane suna zaune a gida suna saye ta waya, sannan su turo mini hoto in sa musu albarka. Kusan duk abin da na gani a shekarar nan, na girme shi. Har na fara tsoron idona zai manta kamannin abu na gaske. Wanda ya riƙe ni a lokacin shi ne Alhaji Garba, Bakano, mai butik a unguwar Guillotière ta birnin Lyon. Sana'arsa sayen kayan gidan Turawan da suka mutu. Ya tsince firigo, wato firji, da kujeru ya loda a kwantena zuwa gida, tarkacen da bai gane ba ya turo mini in duba. Mutumin kirki ne, hannunsa a buɗe, sai dai bakinsa yana riga hankalinsa fita. Kun san kuma tsakanin Bakano da Badamagare ba a gaisawa sai da tsiya.

Bayan an buɗe gari, wata ranar Laraba sai ga wayarsa.

"Bawana, kana lafiya? Iyali? To madalla. Na turo maka hoton wani murfin kwata, duba ko in jefar."

Na buɗe hoto, na ƙura masa ido. Baƙar tsuba ce, fatarta tana sheƙi a hankali, an huda ta da zanen agwagin daji biyu. A gefenta ga ƙananan ƙulle-ƙulle sun taso, abin da muke kira ƙashin ƙarfe, wanda ba ya fitowa sai a tsohon ƙarfen da aka ninka da guduma. A bakin ramin tsakiya ga guntayen jan ƙarfe da aka cusa don ta zauna daidai a jikin takobi, alamar an ɗaura ta an yi yawo da ita. Na ce, "Alhaji, don girman Allah kada ka taɓa shi. Babban abu ne. Ina zuwa Asabar."

Kuskuren da aka yi shi ne, a kunnen ɗan kasuwa "kada ka taɓa" yana nufin kada ka sayar. Alhaji ya naɗe shi a jarida ya ɗora kan kabad, ya sanar da gida cewa wani babban malami zai taso tun daga Paris don ya ga ƙarfen nan. Shi ke nan ya tafi lodin kwantenarsa.

A gidan kuwa akwai mahaifiyarsa, Hajiya Inna, wadda ya kawo daga Kano aka yi mata aikin ido. Tun da aka buɗe mata ido, ba abin da ta gani a ƙasar Faransa sai dauɗa. Amma an hana ta aiki. Inji ke wanki, inji ke wanke-wanke, surukarta tana wurin aiki, jikoki suna lakwal, wato makaranta, in sun dawo su yi ta Faransanci a kanta. Matar da ta riƙe gida mai mutum da yawa, ta koma zaman kallon taga. Alhaji ya sha gaya mini tana cewa a mayar da ita gida, ta zama kaya. To, sai ga magana ta shigo kunnenta: baƙo zai zo, kuma abin da za a nuna masa yana can baƙi ƙirin a cikin jarida.

Na sauka daga jirgin ƙasa da lup da fitila da zarena, raina fes. Muka gaisa da Inna gaisuwa ta sosai, na durƙusa, ta tambayi mutanen gida ɗaya bayan ɗaya har da waɗanda ba ta sani ba. Aka ci tuwo da miyar kuka. Da aka ɗauke kwanuka Alhaji ya miƙa hannu kan kabad, ya shafa, ba komai.

"Yana wurina," in ji Inna. "Zauna."

Ta shiga ɗaki ta fito da faranti an rufe da farin ƙyalle. Ta ajiye a gabana, ta yaye da kanta.

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Fari tas! Yana ɗaukar ido kamar sabon cokali. Har cikin hudojin, inda mu ko tsumma ba ma sawa don can tsufa ke ɓuya, ta bi da tsinke ta sakace.

"Ya ba ni wuya, ɗan nan," ta ce. "Garin nan ko toka babu. Sai da na tara ta gawayin turare, na haɗa da lemun tsami da gishiri, na bi da soson ƙarfe. Na ce ba za a kawo malami tun daga nesa a nuna masa ƙazanta ba. Ai sai a ce gidan ba manya."

Na dubi hannunta. Lemu ya tsattsage mata yatsu, babban yatsan an naɗe shi da filasta. Fuskarta kuwa, Alhaji ya gaya mini daga baya, tun da ta zo bai ga ta yi haske haka ba.

Alhaji ya washe baki. "Ka gani, bawana? Inna ta ƙara masa kuɗi. To faɗi, orijina ne ko jabu?"

Gaba kura, baya sayaki. In na ce jabu ne, tsohuwa ta tsira, amma na yi wa ƙarfe ƙarya, kuma gobe Alhaji zai wurga shi cikin shara. In na faɗi abin da soso ya cinye, na san bakin Alhaji, kafin ya tuna uwarsa ce zai ce, "Inna, me kika yi!" a gaban baƙo. Wannan kalma ɗaya ta isa. Ba za ta sake ɗaga ido a gidan nan ba.

Sai na yi abin da kowane gwani yake yi in ya rasa ta cewa: na fito da kayan aiki. Na rataye shi da zare na ƙwanƙwasa, ya amsa da ƙara mai tsawo, har Inna ta ce, "A'a!" Na karkata fitila, ba layin zubi. Na bi gefensa da yatsa, ƙashin ƙarfe yana nan, soso bai iya da shi ba. Jan ƙarfen bakin rami yana nan, da sawun kurfin maƙera da aka daddanna shi da shi. Fata ta tafi, amma ƙashi bai yi ƙarya ba. Na ja lokaci iyakar iyawata, sannan na ajiye lup.

Na ce, "Na gaske ne. Zai kai shekara ɗari huɗu. Kuma Inna, a duk shekarun nan, ba wanda ya taɓa wanke shi sai ke."

Ta riƙe haɓa. "Ɗari huɗu? Ai na ga alama. Kai, amma mutanen nan ƙazamai ne!"

Alhaji ya yi kabbara, ya matso. "To nawa zai yi a gwanjo?"

Na ce, "Ku Kanawa ko a makabarta sai kun yi ciniki. Mu a Damagaram ba a maganar kasuwa a gaban uwa. Tashi ka saya mini shayi."

Muka sauka. Ban gaya masa a matakala ba, don murya tana hawa sama. Sai da muka wuce mai sayar da nama, muka kai bakin hanyar tiram, jirgin cikin gari, inda ƙara ta yi yawa, sannan na faɗa masa komai. Na ce ranar Laraba abin da ke hannunsa manyan masu tara kaya za su yi rububinsa. Yau kuwa sai dai ɗalibi ya saya don koyo.

Alhaji ya cire hula. Ya mayar. Ya sake cirewa. Ya yi wata ashar da ban taɓa ji ba ko a bakin ƴan tasha, har wata Balarabiya ta ja ɗanta gefe. Sai ya juya zai koma gida da sauri. Na cafke masa riga.

"Sake ni, Lawali!"

"Ba zan sake ba. Ka je ka ce mata me? Fatar nan ba za ta dawo da ihu ba. Ka ga yatsunta kuwa?"

"Wa ya sa ta?"

"Kai ka sa ta. Ka ce baƙo zai zo. Wace uwa ce a Kano za ta ji haka ta zauna? Abin da ta koya maka ke nan, shi ya sa firigonka suke ƙyalli har mutane suke saye."

Ya fizge rigarsa ya tafi. Na bi shi a baya ina haki, ina karanta duk addu'ar da na sani, don ban san abin da zai fito daga bakin nan ba. Muka tarar da Inna zaune a bakin kujera, farantin yana kan cinyarta, ta sake rufe shi don ƙura.

Ta ce, "Garba, lafiya? Na ga fuskarka. Ko aikin bai yi ba?"

Alhaji ya tsaya a ƙofa. Ya dubi filastar da ke yatsanta. Can sai ya tuɓe takalmi, ya je ya durƙusa a gabanta.

"Ya yi, Inna. Malam ya ce tun da yake sana'ar nan bai taɓa ganin irin wannan aiki ba."

Na ce, "Wallahi kuwa, Inna." Kuma ban yi kaffara ba.

Ta yi dariya har da tafi. Ta ce, "To ɗan nan, na ji an ce kana da irinsu da yawa a Paris. Ka tattaro su duka ka kawo mini kafin in koma, ba sai ka biya ba." Na ce Allah ya saka da alheri, jirgina ya kusa tashi. Ban taɓa sauka daga bene da sauri irin na ranar ba.

Ta ƙara wasu watanni a Lyon, kuma ba ta sake cewa ta zama kaya ba. Ta karɓe kicin, ta bi tukwanen surukarta ɗaya bayan ɗaya. Da ta koma Kano, duk wanda ya zo sannu da zuwa sai ya ji labarin ƙarfen da ya gagari mutanen Japan da Turawa, ita ta fitar da shi kunya. Ba ta taɓa sanin sauran labarin ba har Allah ya karɓi abarsa.

Bayan rasuwarta na je Lyon ta'aziyya. Da mutane suka ragu na ce wa Alhaji ya ba ni ƙarfen in tafi da shi. Akwai hanyar da ake bi a sa masa sabuwar fata; aiki ne na shekaru, da iska da tsumma da haƙuri, ba zai koma kamar da ba, amma zai shiga gwanjo ba kunya. Na ƙara masa da cewa ƙarfen da aka tsiraita, damshin Lyon ba zai bar shi ba, jar tsatsa za ta kama shi.

Ya ce, "Na sani. Ta fara kamawa. Shi ya sa nake wanke shi duk Juma'a."

Na ce, "Kake me?"

Ya tashi. Ya ɗauko farantin nan, ya zauna a ƙasa da babbar rigarsa, ya jawo ƴar roba mai toka da soson ƙarfe. Ya ce, "Yadda ta bar shi haka zai zauna." Ya lalubi gefensa, ya duba ƙarƙashin faranti, sannan ya ɗago ya dube ni, idonsa ya yi ja.

"Bawana, miƙo mini lemun can."

Na tashi na ɗauko. Ni na yanka masa.